Minti Huɗun da Aka Yanke

Ranar Litinin da ƙarfe takwas da kwata na safe, Hazel Dombrowski ta buɗe kwaɗon ɗakin ajiya na uku, ta zare sakata, ta jawo ƙofar ƙarfen. Wani abu mai nauyi ya biyo ƙofar ya faɗo a kan takalmanta. Milton Prohaska ne, mai yanka fim na kamfanin Brandvold, mutumin da ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki a ɗakin da ke jikin nasa. Ya sandare. Hannunsa na dama yana riƙe da gwangwanin fim wanda gefensa ya lotse.

Kafin ƙarfe tara Sajan Ruben Arriaga ya iso daga ofishin 'yan sandan Culver City. Ya shiga ɗakin ya auna shi da ƙafa. Taku uku a tsawo, biyu a faɗi. Ba taga. Gwangwanaye jere tun daga ƙasa har rufi, ga warin tsohon fim mai shaƙe maƙogwaro, ga zafin watan Agusta da bangon ya sha kwana uku. Ya juya ya dubi ƙofar ta ciki. Sumul take, babu mariƙi, babu abin turawa. Daidai tsayin ƙirjin mutum fentin ya kankare, ƙarfen ya yi fari saboda duka.

Likita ya ce mamacin yana da ciwon fuka, kuma zafi da warin ne suka gama da shi, wani lokaci tsakanin yammacin Juma'a da safiyar Asabar.

Mai kamfanin, Oskar Brandvold, ya tsaya daga nesa da hankici a hanci.

"Tsautsayi ne, Sajan. Rubuta haka mu koma aiki."

"Shekara nawa ƙofar nan take babu mariƙi ta ciki?"

"Tun kana rarrafe. Kuma ba wanda ya taɓa mutuwa."

"Sai yau."

"Kowa ya san yadda ake yi. Akwai katako. In ka shiga ka tokare ƙofar da shi. Ɗakunan nan shida kowanne da nasa."

Arriaga ya bi layin ɗakunan da ido. Gaban kowace ƙofa akwai ɗan guntun katako da ya yi baƙi saboda taɓawa. Shekara ashirin da wani abu, manya da hankalinsu suna shiga rami suna jingina ransu a kan guntun katako, alhali maƙeri zai ɗaura mariƙi cikin rabin awa. Ba wanda ya ga abin kunya a ciki. Har suna alfahari da cewa sun iya. Gaban ɗaki na uku ne kaɗai babu katakon.

"Ina kake ranar Juma'a da rana?"

"Cin abinci da mai rarraba finafinaina, daga ɗaya zuwa huɗu da rabi, can cikin gari. Buga masa waya." Brandvold ya rage murya. "Ba na son in faɗa, amma Hazel ce ke kulle ɗakunan ƙarfe biyar. Doka ta ce ta leƙa kafin ta sa kwaɗo. Kuma da safiyar ranar duk wanda ke ginin ya ji su suna ihu ita da Milton."

"A kan me?"

"Wa ya sani? Masu almakashi kullum cikin faɗa suke. Ni dai na gode Allah fim ɗin ya bi motar kamfanin wanke fim ta ƙarfe huɗu. Da ya kuskure ta, da yarjejeniyata da mai rarrabawa gaba ɗaya ta rushe. Fim goma sha uku, Sajan."

Aikin da kamfanin ke ci da shi a wannan shekara ta 1956 ba boyayye ba ne. Shekara uku da suka wuce sun yi wa yara shirin talabijin mai kashi talatin da tara, Kyaftin Orlan Mai Gadin Taurari, da kumbon kwali da tauraron kwan fitila. Da masu tallan hatsin karin kumallo da ke ɗaukar nauyinsa suka janye, shirin ya mutu. Sai Brandvold ya gano cewa in an manne kashi uku wuri ɗaya, aka laƙa musu sabon suna, an samu fim na silima ba tare da an sake kunna kyamara ba. Milton ne ke mannewa.

Wayar ta tabbatar da maganar Brandvold. Arriaga ya wuce ɗakin mamacin. Fitilar teburin yanka tana kunne tun Juma'a. Rabin kofin gahawa ya yi fata a sama. Kwat ɗinsa na rataye a bayan kujera, abin shaƙar maganin fukarsa a aljihu. Mai fuka ba ya barin wannan sai in ya san minti biyar zai yi.

Hazel na zaune a ɗakinta, farar safar hannu ta aiki har yanzu a hannunta. Ta kai shekara hamsin da biyar. Ba ta jira tambaya ba.

"Ni na kashe shi. Ba sai ka wahalar da kanka ba."

"Sannu, Madam. Bari ni in yi aikina. Da kika zo ƙarfe biyar, yaya kika tarar da ƙofar?"

"A rufe. An sa sakata."

"Kin saba tarar da ita haka?"

"Wani lokaci. In mutum ya fito yakan tura. Sai in sa kwaɗo in wuce. Ban leƙa ba. Shekara nawa rabon da in leƙa? Ba wanda ke leƙawa."

"Kin ji bugu?"

"Injin iska na jikin bangon, yana ruri. Ko kusa da kai mutum yake sai ya ɗaga murya."

"Katakon fa?"

"Ban gan shi ba. Da yana nan da na yi tuntuɓe da shi, kullum sai na yi."

"Ba ki nemi Milton ba da ya ɓace tun rana?"

"Milton in ya yi fushi ɗaukar ƙafarsa yake ya tafi ba sallama. Na ce ya je ya huce. Motar kamfanin wanke fim ta zo ƙarfe huɗu, na karɓo fim ɗin daga ɗakin majigi na miƙa musu da kaina, ina zaginsa a zuci. Shi kaɗai yake zaune a gida. Ko kare ba shi da shi da zai yi haushi."

"Daga ƙarfe biyu zuwa huɗu wa ya gan ki?"

"Bango huɗun nan."

Arriaga ya rubuta. Ya san yadda takardar za ta kasance in ya tsaya nan: mace da ta yi faɗa da mamaci da safe, makulli a hannunta, ba shaida, ga ta kuma tana amsa laifi da bakinta. Da sakaci aka kira shi ko da ganganci, ita za ta shiga kurkuku, kowa ya koma ya ci gaba da tokare ƙofa da katako.

Ɗakin majigi na sama, ana hawa da tsani. Mai kula da shi, Lucius Gaither, dattijo ne mai furfura, yana goge gilashi da gefen rigarsa.

"Biyu saura biyar Milton ya kawo mini naɗin fim huɗu," in ji shi. "Da wani gwangwani daban a hammatarsa. Ya ce, 'Lucius, kunna wa Kyaftin, zan ajiye wannan a na uku in dawo.' Ban sake ganinsa ba."

"Wane ne Kyaftin?"

"Haba, Sajan, ba ka da yara? Conrad Vale. Kada dai ka kira shi Kyaftin a gabansa, sai ya kwana bai ci abinci ba. An kira shi ya kalli fim ɗin don zai ɗora murya a wuraren da aka manne."

"Ya kalla har ƙarshe?"

"Na ga shigarsa ƙarfe biyu. Na kunna fitila ƙarfe uku da kwata, yana zaune."

"Tsakani fa?"

Lucius ya nuna ɗan ramin da ke bango, bai fi tafin hannu ba. "Leƙa ka gani."

Arriaga ya leƙa. Farin allo kaɗai ake gani. Kujerun na ƙasa, a ɓoye.

"Ni ma fursuna ne a nan," in ji Lucius. "Idona na kan allo ina jiran alamar canza naɗi. Ko giwa ce ta fita ta ƙofar baya ba zan sani ba."

"Shi da Milton akwai wata a tsakaninsu?"

"Ko kaɗan. Da maigida Brandvold yake da ita. An ba shi wasan dandamali a New York, na gaske, a fara watan Satumba. Maigida ya fito da takardar da ya sa wa hannu tun yana jin yunwa. Duk fim ɗin da ya fito, sai Kyaftin ya bi shi gidajen silima cikin rigar azurfa yana ɗaga wa yara hannu. Lissafa fim goma sha uku. Sai ya yi furfura irin tawa a cikin rigar nan."

Arriaga ya sauko ya bi ta ƙofar baya ta ɗakin kallo. Tana buɗewa kan wani lungu, kuma daga nan zuwa ɗakunan ajiya taku arba'in ne. Jikin ƙofar akwai jan bokitin yashi na kashe gobara. Ya tura hannu a ciki. Yatsunsa suka taɓa katako. A gefensa an rubuta lamba uku da jan fenti. Ya sa shi a aljihu.

A ɗakin tufafi ya samu Conrad Vale, dogo, kyakkyawa, shekara kamar talatin da takwas. Yana cikin rigar azurfar ana gwada masa ita don zuwa silima ranar Asabar, tela kuma ta fita neman zare. Zif ɗin na baya ne, mutum ba ya iya fita da kansa. Gumi na bin wuyansa.

"Yallaɓai Vale, 'yata ba ta taɓa barin kashi ɗaya ya wuce ta ba."

"Ka ba ta haƙuri a madadina."

"Ranar Juma'a kana ɗakin kallo?"

"Daga biyu zuwa uku da kwata. Tambayi Lucius."

"Ba ka fita ba? Ko shan taba?"

"Ina zan je? An ce in zauna in kalli kaina, na zauna na kalli kaina."

"Yaya fim ɗin ya yi? Tambayar uba ce, za a ja ni kallo."

Vale ya yi dariya ba daɗi. "Shara ce, kashi uku a buhu ɗaya. Mun sauka a Wata na Tara. Sarauniyar wurin ta kama mataimakiyata. Na bi su, aka rufe ni a ɗakin da ake zuƙe iska. Ina dukan ƙofa da gindin bindiga, allurar ma'aunin iska na sauka, na durƙusa, na faɗi. Minti huɗu ina mutuwa. Shi ne kaɗai wurin da na yi wasa na gaske a shekara uku, kuma da na sake ganinsa ranar Juma'a sai da na kawar da kai."

"Wajen ƙarfe nawa ke nan?"

"Ƙarshen kashi na farko. Biyu da minti ashirin da wani abu."

Arriaga ya yi godiya ya fita. Ya karɓo gwangwanin da aka cire daga hannun mamacin, ya kai ɗakin Hazel, ya ajiye a teburinta.

"Buɗe mini. Mene ne a ciki?"

Da ƙyar murfin ya buɗu saboda lotsewa. Ta warware fim ɗin, ta ɗaga shi saitin fitila.

"Abin da muka yi faɗa a kansa ne."

"Faɗa mini kamar ban san komai ba, don ban sani ba."

"A talabijin, kowane kashi da ƙarya yake ƙarewa. Ka ga Kyaftin ya faɗi, iska ta ƙare, ya mutu. Sai mako ya zagayo, a sake nuna wurin, amma yanzu an saka wani hoto a tsakiya: ashe kafin ya faɗi wani mataimakinsa ya buɗe ƙofar. Yaro ya yi kwana bakwai, ya manta abin da ya gani. Amma in ka manne su a jere a silima, ba kwana bakwai a tsakani. Mutum ya mutu, bayan daƙiƙa goma ga shi bai mutu ba. Har yara sai sun yi ihu. Milton ya ce ba zai sa sunansa a kan wannan ba. Da safiyar Juma'a ya cire ɗakin iskar gaba ɗaya. Ni kuma na ce fim ɗin zai gajarce, maigida zai ci mu. Na kira shi tsohon jaki." Ta rufe bakinta da safar. "Kalmar ƙarshe da na faɗa masa ke nan."

"Wa ya san an cire?"

"Ni da shi."

Ƙarfe ɗaya motar kamfanin wanke fim ta dawo da kwafin farko. Arriaga ya sa aka kira Vale ɗakin kallo. Tela ba ta dawo ba, don haka cikin rigar azurfar ya zo. Arriaga ya rufe ƙofar gaba, ya sa ɗan sanda a ta baya, ya zauna a kujerar da ke kusa da shi, ya ɗaga wa Lucius hannu.

"Na riga na gani, Sajan."

"Ni ban gani ba. Taya ni."

Kumbon kwali ya tashi a kan zare. Suka sauka a Wata na Tara. Sarauniya ta kama mataimakiya. Ɗakin ba iska, rigar na ƙara duk lokacin da Vale ya motsa. Minti ashirin da biyu da farawa, Kyaftin Orlan ya bi wani dogon lungu da bindiga a hannu, ya sha kwana, sai ga shi tsaye a gaban gadon sarauniya.

Vale ya daina motsi.

Arriaga ya bar fim ɗin ya ƙara minti ɗaya, sannan ya ɗaga hannu. Fitila ta kama. Ya ajiye lotsattsen gwangwanin a kan gwiwar Vale, ya ɗora katakon a kai.

"Wurin da ka ce ka kalla ranar Juma'a har ka kawar da kai, ga shi nan. Lokacin da Lucius ke kunna maka fim, yana hammatar Milton. Da shi ya yi ta dukan ƙofa. Kai ka ba ni labarin abin da ka yi a gaban kyamara shekara uku da suka wuce, don ka ɗauka ka san fim ɗin da ka. Da kana kujerar nan ƙarfe biyu da minti ashirin, da kai ne mutum na farko da zai yi ihu an yanke maka wasanka. Ba ka nan. Katakon kuma a bokitin ƙofar nan na same shi, ƙofar da ba wanda ya bi ranar sai mai kallo."

Vale ya dubi gwangwanin.

"Awa uku kawai," ya ce. "Na ji shi yana gaya wa Lucius zai je na uku. Ba a sakin fim sai Milton ya miƙa da hannunsa, haka aka saba. Na ce in motar huɗu ta tafi babu shi, yarjejeniya ta rushe, in tafi New York. Na zare katakon, na tura sakata. Na tsaya a lungu ina jiran jikina ya daina rawa, ban ma san katakon na hannuna ba sai da na iso ƙofa. Ƙarfe biyar Hazel za ta zo. Za ta buɗe, ya fito yana zagi, a ce iska ce ta rufe."

"Ka dawo ka duba?"

"A'a."

"Asabar? Lahadi? Waya ɗaya?"

"Na ce wani ya buɗe. Kullum wani yana buɗewa, Sajan. Sau talatin da tara aka rufe ni."

"Kuma fim ɗin ya bi motar."

"Na sani. Ina tsaye a bakin ƙofar kamfani ta wuce ni."

Sai da aka nemo tela ta zuge zif ɗin kafin a sa masa ankwa.

Arriaga ya samu Hazel a gaban ɗaki na uku. Ya gaya mata duk abin da ya faru, da cewa ba za a tuhume ta ba.

"Ƙarfe biyar yana da rai?" ta tambaya.

"Likita bai iya cewa ba. Ni ma ba zan yi miki ƙarya ba."

Ta gyaɗa kai. Brandvold ya iso yana share wuya, yana tambayar ko za a iya hana 'yan jarida ambaton sunan fim ɗin. Arriaga ya nuna masa ƙofofin shida.

"Mariƙi. Ta ciki. Duka."

"Za a yi, Sajan, za a yi. Ka ga yadda yau ta kasance. Mako mai zuwa zan sa a duba."

Hazel ta dube shi. Ta shiga ɗakinta, ta fito da sukuddireban da take gyara injin manne fim da shi. Ta cire farar safar ta sa a aljihu. Ƙusa huɗu ne ke riƙe da sakatar ɗaki na uku, sun yi tsatsa, sai da ta sa ƙarfinta duka. Sakatar ta faɗi a kan siminti. Ta ɗauka ta jefa a jakarta, ta matsa gaban ɗaki na huɗu.

"Hazel! Kayan kamfani ne wannan!"

Arriaga ya tuɓe kwat ɗinsa ya rataye a kan injin iska, ya riƙe mata ƙofar don kada ta motsa.